Kundin Shirin Fita Bayan Asuba

Asabar, 18 ga Nuwamba, 2023

Wannan kundi na wani ɗan shiri ne da wasu daga cikinmu, masu sallar Asuba a masallacin unguwarmu da ke kudancin Kano ta gefen titin Zariya, muka ɗaura niyyar yi, kuma ni aka ɗora wa alhakin rubuta yadda yake tafiya. Shirin shi ne, kowace Asabar, da zarar an idar da salla, mu fita da ƙafa mu bar kwalta da gine-gine, mu bi burtalin da ya ratsa gonaki ya gangara wajen Tamburawa, mu dawo bayan rana ta ɗaga.

Damuwa ce ta haifar da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun bana, hirar ƙofar masallaci ta koma lissafin kwanon shinkafa da kuɗin makaranta da na haya, kuma mutane suka fara furta abin da a da suke ɓoyewa, cewa barci ba ya zuwa, ƙirji yana nauyi, mutum yana tsaye a sahu amma zuciyarsa tana kasuwa. Wani ɗan'uwa ya ce sau da yawa yakan kai zaman tahiya bai san surar da aka karanta ba. Limaminmu ya tunatar da mu aya ta 28 ta Suratur Ra'ad, inda Allah Ya ce da ambatonSa ne zukata ke natsuwa, sannan ya ƙara da cewa ambaton da harshe ke yi alhali hankali yana wani wuri ba ya kai mutum ga cikar wannan alkawari, kuma Alƙur'ani da kansa ya nuna hanyar tattaro hankalin, domin a Suratul Gashiya an umarce mu da duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Ya ce wannan ibada ta dubawa ita ce muka yi watsi da ita, muka kulle kanmu tsakanin ɗaki da shago da waya.

Mun yi yarjejeniya a kan ƙa'idoji kaɗan. Za a kashe waya, ba za a yi zancen siyasa ko farashi ba sai an dawo, kuma a tafiya kowa zai yi shiru da azkar ɗinsa na safiya, sai a komowa a yi hira. Ba za a taka shukar kowa ba. Yau mun tarar ana girbin dawa, manoma suka amsa sallamarmu suna mamakin ganin manyan mutane suna yawo ba fartanya ba kaya.

Asabar, 16 ga Disamba, 2023

Hunturu ya kankama, kuma masu fita sun ragu saboda sanyi. Masu ciwon asma mun ba su shawarar su sa takunkumi ko su haƙura a ranakun da hazo ya yi kauri, domin ba a neman natsuwa da abin da zai cutar da ƙirji. Waɗanda suka daure sun ga gamzaki yana haskawa a gabas tun kafin gari ya waye.

Babban abin da shirin ya samu a wannan wata shi ne shigowar wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya ƙi yarda mu riƙa wuce itatuwa muna kiransu bishiya kawai. Ya ce wanda bai san sunan abu ba, ba ya tsayawa ya dube shi. A kan hanyarmu ya nuna mana kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da marke da aduwa, ya sa muka murza ganye muka shinshina, muka shafa ɓawo. A gindin wani gawo ya fi daɗewa. Duk abin da ke kewaye ya bushe, ciyawa ta zama ƙaiƙayi, kuka ta zubar da ganyenta ta tsaya tsirara, amma gawon nan kore ne shar, awaki sun taru a ƙarƙashinsa suna jiran abin da zai faɗo. Baba ya bayyana mana cewa gawo da damina yake zubar da ganye, lokacin da gero ke buƙatar rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, sannan da rani, lokacin da dabba ba ta da abin ci, sai ya yi ganye da 'ya'ya. Saboda haka ne manoman Damagaram da Maraɗi suke barin tsironsa a gona suna renonsa maimakon su sassabe.

Wani daga cikinmu, ɗan kasuwa da jarinsa ya karye a bana, ya tambaye shi: "Baba, wa ya koya masa saɓa wa sauran itatuwa?" Dattijon ya ce, "Alhaji, Wanda ya san akwai akuya da rani." A ganina wannan amsa ta fi dogon wa'azi shiga zuciya, domin muna tsaye a inuwar hujjar ne muna jin ta.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

An sami saɓani, kuma ya kamata a rubuta shi yadda ya faru. Wani matashi mai neman ilimi, wanda nake girmama tsantseninsa, ya ce yana tsoron kada keɓance ranar Asabar da fita cikin jama'a ya zama ƙirƙirar ibadar da ba ta da asali. Liman bai yi fushi ba. Ya ce tafiya da ƙafa al'ada ce, an zaɓi Asabar ne saboda ma'aikata ba sa zuwa ofis, ba mu da wani lafazi da muke haɗa baki a kansa, ba mu ƙayyade wa kowa adadi ba, kuma wanda bai zo ba bai rasa wata falala da aka keɓe wa ranar ba. Tafakkuri kuwa umarni ne, kuma ya karanto ayoyi na 190 da 191 na Suratu Ali Imrana, inda aka yabi masu hankali da cewa suna ambaton Allah a tsaye da zaune da kishingiɗe, suna tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Ya kuma ambaci lambun Bairuha na Abu Ɗalha, wanda ke fuskantar masallacin Madina, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga ya sha daga ruwansa mai daɗi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas.

Matashin ya ce, "Allah gafarta Malam, na gamsu, amma a kiyaye lokacin hani." An karɓi wannan gyara. Ba wanda zai yi nafila sai rana ta fito ta ɗaga, sannan mai so ya yi Walaha shi kaɗai a gindin tsamiyar da muke hutawa, tunda an sanya wa wannan al'umma ƙasa ta zama masallaci.

Abin da ya faranta mini rai shi ne, a cikin tafiyar akwai mai jan lazimi da carbinsa, akwai mai ƙirga azkar da gaɓoɓin yatsu, mutanen da a cikin gari sukan yi musu a kan waɗannan abubuwa, amma a burtali kowa ya kama gabansa ba mai kallon hannun wani.

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Yau mun sauya hanya muka hau Dutsen Dala. Daga samansa ana ganin Goron Dutse a yamma, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da rufin kasuwar Kurmi, da gidaje a cunkushe har inda hazo ya yanke gani. Kowannenmu ya yi ƙoƙarin gano nahiyar da gidansa ko shagonsa yake, kuma ɗan kasuwar nan ya ce bai taɓa ganin wurin da ke hana shi barci ya yi ƙanƙanta haka ba.

Liman ya yi amfani da tarihin wurin ya ja kunnenmu. A kan wannan dutse ne Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu a Kano, kuma mutanen wancan zamani ba su rasa kallon dutse da itace da sama ba, abin da suka rasa shi ne wucewa daga halitta zuwa Mahalicci. Ya kawo aya ta 37 ta Suratu Fussilat, wadda ta hana sujada ga rana da wata ta yi umarni da sujada ga Wanda Ya halicce su. Ina ganin wannan gargaɗi ya zo a kan gaɓa, domin mutum yana iya jin daɗin iska da shiru ya ɗauka ya kusanci Allah, alhali hutu kawai ya samu. Hutun alheri ne, amma ba shi muka fito nema shi kaɗai ba.

Abin baƙin ciki da aka gani daga sama shi ne ƙarancin kore a cikin birni. An cike kududdufai da dama an yi gini, ganuwa ta zaizaye a wurare da yawa, kuma yaron da aka haifa a wasu lunguna zai iya girma bai zauna a inuwar itace ba. A nan aka fara maganar cewa shirin nan bai kamata ya tsaya a kallo ba.

Asabar, 9 ga Maris, 2024

Wani ma'aikacin jinya da ke cikinmu ya yi mana bayani a kan ɓangaren jiki. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, kuma hasken safiya yana daidaita lokacin barci, abin da ya sa wasunmu suka ce yanzu sukan yi barci da wuri a daren Lahadi. Ya ambaci wani bincike na masana a Jami'ar Exeter ta Ingila da aka fitar a 2019, wanda ya shafi mutum kusan 20,000, inda aka ga waɗanda ke shafe aƙalla awa biyu a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi yawan bayyana cewa suna cikin lafiya da walwala. Ya yi adalci ya ce binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa fitar ce kaɗai sanadi ba. Saboda bayaninsa, wasu sun ƙara gajeriyar tafiya a tsakiyar mako. Azumi na ƙaratowa, don haka an dakatar da doguwar tafiya.

Asabar, 6 ga Afrilu, 2024 (27 ga Ramadan)

A watan nan shirin ya taƙaita ga ɗaga kai. Bayan Tahajjud da sahur, kafin a kira Asuba, mukan zauna a filin bayan masallaci mu dubi wata, wanda muka bi tun yana siriri a yamma, ya cika a tsakiyar azumi, yau kuma ya fito a gabas dab da alfijir ya rame ya lanƙwashe. Aya ta 39 ta Suratu Yasin ta kwatanta shi a wannan hali da tsohon busasshen reshen dabino, kuma da yawanmu mun haddace ayar tun muna makarantar allo amma yau ne muka fara ganin abin da take nufi da ido.

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Bazara ta yi tsanani, zafi yana haura digiri 40 da rana, saboda haka mukan juyo da wuri kuma kowa yana riƙe da gorar ruwa. Amma abin da ya fi muhimmanci a wannan wata ba zafi ba ne.

Akwai wani ɗan'uwa da bai taɓa fashin fita ba, amma maimakon ya samu sauƙi sai muka ga yana ƙara ramewa, ba ya cin abinci, kuma ya gaya wa ma'aikacin jinyar nan cewa rayuwa ta fita daga ransa. Nan take aka fahimci cewa abin ya wuce damuwar yau da kullum, ciwo ne da ke buƙatar likita. Da farko ya ƙi, yana tsoron a ce ya haukace ko imaninsa ya yi rauni, domin akwai waɗanda suka riga suka gaya masa cewa mumini ba ya shiga irin wannan hali. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana kashe mutane. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma ya ce ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa, ba wanda ya isa ya ce tawakkalinsa ya gaza. Liman ya zaunar da shi ya ce masa, "Ɗan'uwa, Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, kuma zuwa asibiti ba ya warware tawakkali." Yayansa ya raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, an ɗora shi a kan magani, kuma yana ci gaba da fita tare da mu.

Mun ƙara ƙa'ida a kan wannan. Shirin nan taimako ne, ba ya maye gurbin asibiti, kuma duk wanda aka ga alamunsa sun yi nauyi, musamman mai ambaton gajiya da rayuwa, ba za a bar shi da nasiha kaɗai ba.

Asabar, 8 ga Yuni, 2024

Shamuwa ta riga ta iso tun makonnin baya ta yi sheƙa a kan wata tsamiya a bakin ƙauye, kuma Baba ya ce manomi idan ya gan ta sai ya fara gyara iri. A makon nan aka yi ruwan shuka a yankinmu. Burtalin da muka saba taka ƙurarsa ya yi laushi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci, kuma a inda babu komai sai tsakuwa makon jiya, yau ciyawa ta tsattsago sirara, ga ƙananan jajayen ƙwarin damina masu laushin jiki suna tafiya a kan yashi. Na durƙusa na dubi wani tsiron gero da ya ɗago ɓawon ƙasa da kansa, ɓawon ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, amma ya tsage ya ba shi hanya.

Yayyafi ya same mu a komowa, wasu suka fara sauri, sai liman ya tsaya ya naɗe hannun rigarsa ya bar ruwan ya taɓa shi, ya ce Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya yi haka, ya ce ruwan sabon zuwa ne daga Ubangijinsa. Muka roƙi Allah Ya sa ya zama ruwa mai amfani. Aya ta 50 ta Suratur Rum ta ce a dubi alamun rahamar Allah, yadda Yake rayar da ƙasa bayan mutuwarta, kuma a nan na gane hikimar bin hanya guda tun kaka. Wanda bai ga wannan fili a mace a watan Afrilu ba, ba zai ji nauyin rayuwarsa a watan Yuni ba. Gawon kuwa ya fara zubar da ganye, kamar yadda aka gaya mana.

Ɗan'uwan da a farko ya ce ba ya sanin surar da aka karanta, ya ce yanzu idan an zo ayar ruwa ko tsiro ko tsuntsu sai hoton abin ya zo masa, hankalinsa ya dawo cikin salla. Farashi bai sauka ba, bashinsa ma yana nan, amma ya ce zuciyarsa ta zama kamar ruwan kogi da aka ɗebo a tulu aka ajiye, lakar ta kwanta ƙasa.

Asabar, 13 ga Yuli, 2024

An fara dashe. Hukumar makarantar Islamiyyar unguwa ta ba mu gefen filinta, mai unguwa kuma ya amince da hanyar maƙabarta. An yi karo-karo aka sayo dashen dogon yaro da mangwaro da zogale da tsamiya. Baba ya hana a yi ramin ganin dama, ya sa aka haƙa mai zurfi da faɗi, aka cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, aka yanke ledar a hankali don kada saiwa ta watse, sannan aka bar ɗan kwari a gindi domin ya riƙe ruwa. Ya fi son tsamiya a kan dogon yaro, wanda baƙo ne daga Indiya ko da yake ya zama ɗan gida, amma ya yarda cewa dogon yaro ya fi saurin ba da inuwa kuma akuya ba ta cika damunsa ba. Tsamiya tana da jinkiri, kuma dattawan da suka dasa ta yau sun san mai yiwuwa wasu ne za su sha kununta. Hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Na lura aikin hannu ya yi wa wasu abin da tafiya ba ta yi musu ba, musamman matasa marasa aiki, waɗanda shiru yake ƙara musu tunani. An raba musu itatuwan, kowa da waɗanda zai kula da su.

Asabar, 10 ga Agusta, 2024

Ba a fita ba a makon jiya saboda dokar hana fita da aka sa a Kano bayan zanga-zangar tsadar rayuwa da ta fara ranar 1 ga wata. Kwanakin sun yi nauyi, kuma damuwar da ta lafa ta taso wa mutane da dama. Wasu sun ce sun zauna a tsakar gida bayan Asuba suna kallon hadari da tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa su rataye ta a reshe, kuma hakan ya rage musu zafi. Yau da muka haɗu, liman ya karanta hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Umar, cewa da muna dogaro ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta mu yadda Yake azurta tsuntsaye, suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Ya ja hankalinmu ga cewa tsuntsun fita yake yi, ba ya kwana a sheƙa yana jira, saboda haka natsuwar da muke nema ba ta nufin a naɗe hannu, ba ta kuma nufin a daina faɗa wa shugabanni gaskiya. Awaki sun cinye wasu daga cikin mangwaro da zogale a kwanakin da ba mai dubawa.

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Labarin Maiduguri ya mamaye tafiyar yau. A farkon makon nan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni da dama na birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, kuma akwai waɗanda ke da dangi a can a cikinmu. Da muka isa bakin kogi muka tarar ya cika ya yi ja yana jan rassa da tarkace, kuma ba wanda ya dube shi da irin idon da muka dubi yayyafin watan Yuni. A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa idan Annabi ya ga hadari ko iska, akan ga damuwa a fuskarsa har sai an yi ruwa. Kusantar Allah ta hanyar halittarSa ta haɗa da tsoro kamar yadda ta haɗa da fata, kuma shirin da zai nuna mana fure da tsuntsu kaɗai ya ɓoye mana ambaliya zai koya mana rabin gaskiya ne. Mun yi wa waɗanda abin ya shafa addu'a, kuma kuɗin da aka tara domin ziyarar madatsar ruwa ta Tiga an yanke shawarar a haɗa da tufafi a aika ta hannun 'yan'uwan da za su je.

Sauran abubuwan da ke gabanmu su ne, a kewaye kowane dashe da ƙaya ko tsofaffin bulo kafin a saki dabbobi bayan girbi, a maye gurbin waɗanda aka cinye tun ƙasa tana da danshi, kuma a samo tanki domin ban ruwa da rani, tunda rijiyar makarantar takan ja baya daga watan Maris. Iyaye mata sun aiko cewa su ma suna da damuwar da ta kai tamu, kuma sun fi mu daɗewa a cikin gida, saboda haka malamar Islamiyya za ta tsara musu nasu zaman a filin makarantar da yammacin Alhamis, kuma su za su riƙe zogalen. Baba zai nuna musu yadda ake yanke kansa domin ya yi rassa, ranar Alhamis mai zuwa in Allah Ya yarda.